Da wace kalma za a fassara "ƙaɗaɗ": gizo, murɗaɗɗe ko nannaɗaɗɗe?

Malamin Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyarwa a wata makarantar dare a nan Aboabo, kuma da shigowar watan Rabi'ul Awwal muka buɗe Shama'il na Imamu Tirmizi, kamar yadda muka saba kowace shekara. Hadisin da ya buɗe littafin shi ne na Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10, inda ya ce shi ba dogo ba ne ƙwarai, ba kuma gajere ba, ba fari fat ba, ba kuma mai duhun fata ƙwarai ba, sannan da ya zo kan gashi ya ce: "wa la bil ja'adil ƙaɗaɗi wa la bis sabɗi". Kalmar sabɗ ba ta taɓa ba ni wahala ba, domin miƙaƙƙen gashi mai santsi kowa ya san shi. Wadda ta tsayar da ni ita ce ƙaɗaɗ.

Malamin da ya karantar da ni, Allah Ya jiƙansa, yakan ce "gashinsa ba gizo ba ne", ni ma haka na riƙe tun ina saurayi, ban taɓa tsayawa na auna kalmar ba. Ranar nan da na faɗe ta, sai wata yarinya 'yar kimanin shekara 12 ta ɗaga hannu, ta ce: "Malam, Larabcin yana nufin gashi irin namu ne?" Na ce mata haka ne. Ta ce: "To ashe gashina gizo ne ke nan, alhali Mamana tana wanke mini shi kowane mako, ta taje, ta kai ni kitso?" Na rasa abin da zan ce mata. Na yi saurin gyarawa na ce "murɗaɗɗen gashi", sai yaran maza da ke layin baya suka fashe da dariya, domin a unguwarmu idan aka ce wane murɗaɗɗe ne, an san ba yabonsa ake yi ba.

Tambayata ga malamai da masana harshe da iyayenmu mata ita ce: shin Hausa tana da kalma guda ta asali da ke nufin gashin da kowane silinsa ya lanƙwashe ya tsuke, irin wanda yawancinmu muke da shi? Idan akwai, daga ina ta fito, kuma a wane wuri ake faɗinta ba tare da an ɓata wa kowa ba? Idan babu, wace ce ta fi kusa? Mako mai zuwa zan koma kan wannan hadisi, kuma ba na son in sake tsayawa gaban yarinyar nan da kalmar da ban tantance ba.

Almajirin Lugga, Sabon Zongo, Accra:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara basira, kuma Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, domin ta kama abin da ya wuce manya da yawa.

Bari in fara da Larabcin, tunda daga nan rikicin ya taso. Larabawa sun jera gashi hawa-hawa. A gefe ɗaya akwai sabɗ, wanda ya miƙe ya zubo. A tsakiya akwai rajil, wanda yake da ɗan karyewa kamar an taje shi. Sannan ja'ad, wanda ya lanƙwashe, sai ƙaɗaɗ a ƙarshe, wato ja'ad ɗin da ya kai matuƙa. Har suna da wata kalma, mufalfal, daga fulful, wato gashin da ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar 'ya'yan masoro. Sun buƙaci waɗannan sunaye ne saboda a kasuwa ɗaya ta Makka ko Madina za a ga Balarabe da Bahabashe da Bafarise da Barume, kowa da irin kansa. Ya kamata ɗalibai su lura cewa jimlar Anas ta kore gefe biyu a numfashi ɗaya: yadda ta ce ba ƙaɗaɗ ba, haka ta ce ba sabɗ ba. Wanda ya karanta ta a matsayin kushe ga gashin baƙar fata, dole ya karanta ta a matsayin kushe ga miƙaƙƙen gashi ma, kuma ba wanda ya taɓa faɗin haka. A riwayar Sayyidina Ali da ke cikin Shama'il ɗin an ce "ja'adan rajilan", kuma a hadisin Isra'i an siffanta Annabi Musa da cewa dogo ne, mai duhun fata, ja'ad.

Game da Hausa kuwa, ra'ayina shi ne ba mu da suna guda da ya yi daidai da ƙaɗaɗ, kuma wannan ba talaucin harshe ba ne. Gashin da kake tambaya a kansa shi ne gashi a wurin Bahaushe, ba ya buƙatar a ƙara masa komai. Wanda ya saɓa masa shi ake raɗa wa suna, shi ya sa ake cewa wance tana da gashin Fulani, ko gashinta kamar na Larabawa, ko kamar na Indiyawa. Ba a taɓa jin uwa ta ɗauki jaririnta ta ce ya zo da gashin Hausawa ba. Saboda haka idan fassara ta tilasta mana, sai mu koma ga aikatau mu ƙera sifa, kuma biyu ne ke gabanmu: murɗa da naɗa.

Murɗa aiki ne na ƙarfi. Ana murɗa igiya, ana murɗe wuyan kaza, ciki yana murɗa wa mutum, ana murɗiya a zaɓe, kuma mai murɗaɗɗen hali shi ne wanda ba a gane gabansa balle bayansa. Dariyar ɗalibanka daga nan ta fito. Amma kalmar tana da fuska mai kyau, domin idan aka ce murɗaɗɗen ƙato, ana nufin mai ginannen jiki, kuma abin sha'awa shi ne Larabci ma ya bi wannan hanya: wasu masu sharhi sun ce ja'ad ɗin da aka siffanta Annabi Musa da shi na jiki ne, wato curarre mai ƙarfi, yayin da "ja'adul yadaini", mai dunƙulallen hannu, yake nufin marowaci. Harsuna biyu, kowanne ya ɗauki lanƙwasa ya yi yabo da ita, ya kuma yi zagi da ita.

Naɗa kuwa aiki ne na natsuwa da tsari. Ana naɗa rawani, ana naɗa sarki, ana naɗe tabarma bayan an sallame salla. Idan aka ninka gaɓar farko aka ce nannaɗe, ninkin yana nuna yawa, wato ba naɗi ɗaya ba ne, kowane sili da nasa, kuma kowane sili ya naɗu sau da yawa. Wannan shi ne ainihin siffar gashin. Don haka ni da zan fassara, cewa zan yi ja'ad shi ne nannaɗaɗɗe, ƙaɗaɗ kuma nannaɗaɗɗe ƙwarai.

Gizo dai a ajiye shi gefe. Gizo gashi ne da aka tara aka ƙyale, ba aski ba taza, shi ya sa ake cewa wane ya tara gizo. Abin da ya yi daidai da shi a Larabci shi ne "sa'irur ra'asi", kamar mutumin nan da ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya shigo masallaci kai buzu-buzu aka yi masa nuni ya je ya gyara. Wancan aikin mutum ne, ƙaɗaɗ kuwa halittar Allah ce.

Makitsiyar Asawase, Kumasi:

Salamu alaikum. Malamai, ku yi mini afuwa in sa baki, ni ban yi zurfi a lugga ba, amma na fi shekara 20 hannuna yana cikin kan mutane, daga na 'yar yaye har na tsohuwa mai furfura.

Na yarda da duk abin da Malam na Accra ya faɗa a kan gizo, kuma zan ƙara da cukurkuɗaɗɗe, domin shi ma ana yawan jefa shi inda bai dace ba. Gashi yana cukurkuɗewa ne idan an tsefe kitso an kwana ba a kama shi ba, ko an wanke an bar shi ya bushe haka nan. Ko gashin kanti da ake saye a kasuwar Kejetia yana cukurkuɗewa idan aka wulaƙanta shi. Hali ne da gashi ke shiga ya fita, ba irinsa ba ne.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne a kan nannaɗaɗɗe. Kalmar tana da daɗin ji, amma idan mace ta zauna a gabana ta ce tana son nannaɗaɗɗe, abin da ke ranta shi ne manyan zobba masu sheƙi da ke lilo a kafaɗa, irin na matan Lebanon ko irin wanda ake ƙarawa. Ba ta nufin nata na haihuwa. Mu a wurin aiki abin da muke cewa shi ne gashi mai ƙarfi, ko mai tsauri, ko mai cika, kishiyarsa kuma mai laushi ko mai santsi. Ni na fi son "mai ƙarfi", ko da yake gaskiyar magana shi ne ya fi kowane gashi saurin karyewa, domin kowace lanƙwasa a jikin sili wuri ne mai rauni, kuma mataji mai ƙananan haƙora yana tsinka shi a nan. Abin da ake ji kamar tsauri yawanci bushewa ce. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a miƙaƙƙen gashi, amma a namu sai ya bi kwana-kwana, ba ya kaiwa ƙarshe. Shi ya sa idan iskar hunturu ta sauko daga arewa a watan Disamba, man kaɗanyar da ake kawowa daga Tamale da Wa yake ƙarewa a shagona tun kafin in ankara. Akwai kuma tsukewa: yarinya za ta zo da gashin da ake gani bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, in ja sili ɗaya ya sauko har haɓarta, in sake shi ya koma. Da za a nemi shawarata a kan fassara, da na ce a sa "tsukakke" kusa da nannaɗaɗɗen, domin tsukewar ce ta raba shi da na Larabawa.

'Yan matan yanzu sun zo da wani suna daga waya, suna cewa gashinsu 4C ne. Wannan lissafi ya samo asali daga wani mai gyaran gashi Ba'amurke, Andre Walker, wanda ya kasa gashi gida 4 a shekarun 1990, daga miƙaƙƙe zuwa mafi nannaɗewa, daga baya mata suka ƙara masa wannan rukuni na ƙarshe. Ban ƙi shi ba, yana taimaka mini in gane abin da yarinya ke nema, amma ina jin wani iri idan na ga jikar Hajiya tana kiran kanta da lamba kamar takalmi.

Maƙwabtanmu Tonawa, wato mutanen Asante, ba su taɓa jin kunyar wannan gashi ba. A cikin zanen adinkra, alamominsu na gargajiya da ake bugawa a jikin yadi a garin Ntonso, akwai duafe, wato matajin katako mai manyan haƙora, wanda alama ce ta tsabta da kyawun mace, kuma iyayen sarauta mata suna zuwa taro da dansinkran, gajeren aski da aka baƙanta, ba wadda ta isa ta raina su. Mu ma shuku da doka da zane da kitson zare duk an ƙirƙire su ne saboda wannan gashi yana riƙe abin da aka ba shi. Miƙaƙƙen gashi kwana kaɗan kitso ke yi a kansa ya zame.

Malam, kalmar da ta fi yi wa yara illa ba gizo ba ce. Ita ce "gashi mai kyau", wadda iyaye mata ke faɗa ranar suna idan jaririya ta zo da kwantaccen gashi, yayarta tana tsaye a gefe tana ji.

'Yar Nima a Bronx:

Assalamu alaikum. Malam, ni haifaffiyar Nima ce, aure ya kawo ni New York, kuma tambayarka ta tuna mini da kunyar da na sha a shekarata ta farko. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, ta ce wata ta kira gashinta "nappy". Ni da na yi karatu a Accra da Turancin Ingila, abin da na sani da wannan suna shi ne ƙyallen da ake ɗaura wa jariri, sai na ɗauka an ce kanta yana wari ne, har na kama ta na sake wanke mata kai a daren. Wata maƙwabciyata baƙar Ba'amurkiya ce ta warware mini, bayan ta gama dariya.

Ashe kalmomi biyu ne da suka yi kama a baki. Ta Ingila an gutsuro ta ne daga "napkin". Ta Amurka kuwa daga "nap" take, wato ɗan gashi-gashin da ke tashi a fuskar yadi ko bargo, kalmar da Turanci ya samo daga masaƙan yankin Holan tun ɗaruruwan shekaru. Asalinta ba zagi ba ne, maganar masu tufafi ce. A zamanin bauta ne aka ɗauke ta aka ɗora a kan gashin baƙar fata don a ƙasƙantar da shi, tare da kamanta shi da ulun tumaki. Haka ita ma "kinky" ta fito ne daga bakin matuƙan jirgin ruwa, inda "kink" ke nufin ƙullin da ke shiga igiya idan ta murɗe, wato kusan murɗaɗɗen da ya ba ɗalibanka dariya.

Nauyin kalmar a nan ba wasa ba ne. A watan Afrilu na 2007 wani fitaccen mai gabatar da shiri a rediyo, Don Imus, ya yi amfani da ita tare da wata kalmar batsa a kan 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Rutgers, kuma cikin kwanaki kaɗan gidan CBS ya soke shirinsa. A 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta hana a nuna wa mutum bambanci a aiki ko a makaranta saboda gashinsa na halitta ko kitsonsa, wasu jihohi da dama suka bi baya. Duk da haka za ka ji baƙar mace tana faɗin kalmar ga ƙawarta cikin raha, wasu ma sun mayar da ita abin alfahari, har a Faransa matan da suka daina shafa man miƙar da gashi suna kiran kansu da ita. Ta zama kamar wasan da ke tsakanin taubasai: wanda yake ciki ya faɗa a yi dariya, bare ya faɗa a yi rigima.

Abin da nake so in ce shi ne, da na karanta amsar Malam na Sabon Zongo cewa Hausa ba ta da suna guda ga wannan gashi, sai na ji sanyi a raina. A nan na ga abin da suna guda ya jawo. Roƙona kawai kada a je neman cike gurbin a ɗauko gizo a mayar da shi irin waccan kalmar.

Ɗan Aboabo Namba Biyu:

Salam, Malam. Ƙarin bayani kaɗan a kan gizo, domin mu samari mu ne ake jifa da shi. Dattawa a unguwa suna haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya: wanda ya tara suma yana taje ta, da wanda ya ƙyale kansa don ƙazanta, da mai igiyoyin gashi da ake kira rasta a nan Ghana, Yarabawa kuma suna ce wa yaron da aka haifa da irinsa dada, Tonawa suna cewa mpesempese, irin na bokayensu. Na farkon suma ce, na biyun ne gizo. Na ukun kuma har kotu ya kai: a ranar 31 ga Mayu 2021 Babbar Kotu a Accra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi Tyrone Marhguy, wanda aka ƙi ɗauka saboda ya ce addininsa ya hana shi aske gashinsa. Idan za a gyara fassara saboda 'yan mata, a taimaka a gyara mana wannan ma a wa'azin Juma'a, tunda hadisin da Abu Dawuda ya riwaito cewa ya yi wanda yake da gashi ya girmama shi.

Malamin Aboabo, Kumasi:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Ɗana na Namba Biyu, na ji ƙorafinka, amma ka zo mini da sumar a taje tukuna, sai mu yi maganar wa'azi.

Jiya da dare muka koma kan hadisin. Na haɗa shawarar Malam da ta Hajiya makitsiya, na ce: "Gashinsa ba nannaɗaɗɗe tsukakke ba ne, ba kuma miƙaƙƙe zubabbe ba, yana tsakanin biyun." Na gaya musu a fili cewa gizon da na faɗa a baya kuskurena ne, na kuma karanta musu siffar Annabi Musa. Ba wanda ya yi dariya a layin baya. A gefen shafin littafina, inda na rubuta gizo da ajami tun ina gaban malamina, ban iya goge rubutun ba, domin da alƙalaminsa na rubuta shi, sai na ja masa layi ɗaya siriri na sa sabuwar fassarar a ƙarƙashinsa.

Yarinyar ta rubuta a littafinta, sannan ta sake ɗaga hannu. Ta ce yayarta da ke shirin shiga sakandare an ce sai ta aske kanta ƙasa-ƙasa kafin a karɓe ta, kamar yadda ake yi wa 'yan mata a makarantun gwamnati, kuma tana son ta san ko wannan yana cikin girmama gashi ko ba ya ciki. Na ce mata lokacin Isha'i ya yi, ta riƙe tambayar sai ranar Laraba.